Dabinon Gidan Haya

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninku, ku 'ya'yana, har ta kai kunnen jikokina, kuma na gaji da jin tana dawo mini ta bakin baƙi. Wai ni na sayar da itacen ƙasarmu a kan dabino cikin tafin hannu. Rakiya ce ta fara faɗin ta tun tana da majina a hanci, yau ga ta uwar 'ya'ya a Damagaram, ba ta sauke ta ba. To, idona ya fara gajiya, gwiwa kuwa ta riga shi. Kafin a wayi gari a ce wance ta riga mu gidan gaskiya, bari in ajiye tawa, wanda ya so ya ɗauka. Ba neman gafara na zo yi ba, kar ma ku gyara zama. Bayani na zo yi.

Lokacin da ubanku, Malam Issufu, ya ɗauko ni daga Damagaram ya kawo ni Tamanrasset a kudancin Aljeriya, na riga na koyar a lekkol, makarantar boko, 'yan shekaru, har ana ce mini Madam a unguwa. Nan na zo na tarar ba lekkol, ba dangi, ba damina, sai duwatsu da ruwan saye. Shi yana kasuwa da atamfofinsa tun safe, ni ina gida ina kallon bango. Gidan da muka kama haya a unguwar Tahaggart kun san shi, ku manyan: ɗaki biyu, madafa, da tsakar gida mai faɗin da ban ƙara ganin irinta a garin nan ba. Mai gidan, Alhaji Agali, Buzu ne na Abalessa, can yake zaune cikin garkarsa ta dabino. Yana saurayi ya bi ayarin raƙuma har Damargu a ƙasarmu, ya kai gishiri ya ɗauko hatsi, can ya tsinci Hausarsa mai karkata. Ƙarshen kowane wata yakan shigo gari, ya zauna a kan tabarma ya sha shayi da ubanku, ya bar mana dabino a ƙwarya. Ku da kuke kiransa mugun tsoho, ku sani shi kaɗai ne ya yarda in tara yaran mutane a gidansa. Da na nemi izni, cewa ya yi ƙarar yara ba ta taɓa fasa bango ba.

Yaran nan 'ya'yan 'yan kasuwarmu ne na Nijar, waɗanda ba su da takardun da za a karɓe su a lekkol ɗin gari. Da yamma suna zuwa allo, amma duk safiya suna gararamba tsakanin rumfuna kamar awaki. Uwayensu suka dinga turo mini su ɗaya bayan ɗaya har suka haura ashirin, ku ma kuna ciki. Karatu da lissafi ba su ne suka fi cin raina ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in koya musu zama da mutane, don baƙo ba shi da ƙaramin laifi. Dutse ɗaya yaro zai jefa a tagar maƙwabci, a wayi gari gidansu duka suna cikin kamiyo, babbar motar kaya, an nufi iyaka da su. Saboda haka kowace safiya, kafin a taɓa alli, sai sun tashi tsaye sun rera dokokin zaman tare. A gaida babba ko ba a jin yarensa. Ba a zubar da ruwan wanki a hanyar mutane. In an yi gardama a ɗaga hannu, abin da hannuwa suka fi yawa a kansa ya zauna. Wadda suka fi so, don suna buga ƙafa a ƙarshenta, ita ce: abin da ba naka ba, tambayi mai shi. Rakiya ce ke ba da amo, 'yar shekara takwas da murya kamar ta mai tallan fura. A aji ba ta isa ta ce mini Inna ba, Madam take cewa kamar kowa, wannan ma doka ce.

Shekarar da nake ba ku labari, da watan bakwai ya kama, gari ya ɗauki bikin 'yancin kan Aljeriya. Tuta a kowane shago, kore da fari da jan wata, har ubanku ya rataya tasa don kar a ce masa me ya sa. 'Yan taksi suna ta busa oda, 'yan lekkol ɗin unguwa sun fito a jere da fararen riguna suna waƙa. Rakiya ba ta san wata-wata ba, ta kutsa cikinsu. Wata malama mai kirki ta miƙa mata 'yar tutar takarda, ta bi layi tana kaɗawa har bakin babbar hanya. Can wani yaro ya fizge tutar, ya ce mata da Larabci ba ta baƙi ba ce. Ba ta yi kuka ba. Rakiya ba ta kuka, wannan halin nata ne ya fi wahalar da ni duk tsawon rainonta. Washegari ana gama rera dokoki ta ƙi zama.

"Madam, mu ba mu da ranarmu?"

Na ce muna da ita mana, saura wata ɗaya ma. Na ajiye alli, na zauna a kan turmi na ba su labari, har ni kaina na manta inda nake. Na ce musu a ƙasarmu ranar 'yancin kai ranar dashen itace ce. Na gaya musu yadda nake fita da 'yan ajina a Damagaram, ƙasa ta sha ruwa tana ƙamshi, kowane yaro da ɗan icensa a gwangwani. Na gaya musu yadda kakana ya ba ni labarin aikin tilas na zamanin Nasara, a kwaso mutane daga gonakinsu su dasa itatuwa a bakin hanyar da ba su za su bi ba. Sai na ɗora da wata magana da ta yi mini daɗin faɗa a lokacin, ban san igiya nake tufka wa wuyana ba. Na ce 'yanci shi ne ka dasa da hannunka, abin ya zama naka.

Yara suka ce a yi. Na tattara ƙyallayen shagon ubanku na ɗinka tuta, ruwan lemo da fari da kore, na yanko 'yar rana na manna a tsakiya. Da ubanku ya gan ta a kan keken ɗinki sai da ya leƙa waje ya rufe ƙofa. Ya ce in ina so jandarma su san sunansa to in kafa ta a kan katanga. Muka yi ta yi, daga ƙarshe ya yarda a kafa ta a tsakar gida, bisa sandar da ba ta kai tsawon bango ba. Ni kuwa na ce a raina ba komai, itace ai ba ya kaɗawa a iska balle wani ya ce tuta ce. Aka zo zaɓen itacen da za a dasa. Sani, ɗan mai sayar da takalma, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya ce mangwaro. Wata ta ce kuka, don miya. Rakiya ta ce duk za su mutu, a garin nan dabino ne kawai ke da taurin rai. Aka ɗaga hannu, dabino ya ci. Na aika wa wani ɗan garinmu mai aikin garka, ya samo mini ɗan dabino da aka cire daga gindin uwarsa, ya aiko shi a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu.

Ranar da muka dasa shi na yi farin ciki, ba zan ɓoye ba, ban ƙara yin irinsa a garin nan ba. Yara sun zo da wanka da kayan salla. Muka rera taken ƙasa ƙasa-ƙasa kamar masu gulma. Manyan maza suka haƙa rami a kusurwar gabas, kowane yaro ya zo ya zuba ƙasa cikin hannunsa, har da 'yan ƙananan da ba su san abin da ake yi ba. A lokacin ruwa sai motar siterni, tankar ruwa, ta zo ake saye, amma kowane gida ya aiko da abin da ya samu, wani buta, wani kwano. Na dafa shinkafa da wake, aka ci aka yi wasan gaɗa. Rakiya ta ɗaura wa ɗan itacen zaren ruwan lemo, ta sa masa doka ita ma, wai duk wanda ya taɓa ganyensa sai ya share tsakar gida.

Ƙarshen wata Alhaji Agali ya zo kamar yadda ya saba. Ya yi sallama, ya sako ƙafa ɗaya, sai ya tsaya. Kun san rawaninsu, ido kawai ake gani, to idon nan bai bar kusurwar gabas ba. Ubanku ya shimfiɗa tabarma, ya ƙi zama. Ya taka a hankali ya durƙusa gaban itacen, ya tona gindin da yatsa, ya duba sabon ganyen da ya fara leƙowa. Ya tambayi wanda ya dasa. Na ce ni da yara ne, na shiga yi masa bayanin bikin ƙasarmu ina murmushi kamar wawuya. Ya bar ni na kai aya.

"Madam, a ƙasarku wanda aka ara wa gona yana dasa itace?"

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na sani. Ni 'yar manomi ce. Sau nawa na ji babana yana ara wa mutum gona yana ce masa ka shuka abin da ka ga dama, amma ban da itace? Zaman birni da riƙon alli ne suka shafe mini abin da kowace 'yar ƙauye ta sani. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce rabin garkar ubansa ta haka ta tafi: wani mutum aka bari ya zauna, ya dasa dabino, bayan shekaru 'ya'yansa suka tashi, dattawa suka zauna suka ce itace na wanda ya dasa ne, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuma ba a raba ta da shi. Ya ce gero baƙo ne, wata uku ya yi sallama, amma dabino magaji ne. Ubanku ya ce to a cire shi yanzu-yanzu, ya ma tashi neman hauya. Tsohon ya riƙe masa hannu. Ya ce shi bai taɓa kashe dabinon da ya kama ƙasa ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Ya ɗauki sandarsa ya fita, shayin ma bai sha ba.

Kuna cewa ubanku ya noƙe ya bar ni da abin. Ƙarya ne, Allah ya jiƙansa. Rufe shago ya yi ya hau mota har Abalessa, ya wuni a garkar tsohon yana ba shi haƙuri. Ya dawo da hanya biyu. Ko mu bar gidan, Alhaji ya kira shaidu ya nuna musu cewa ya kore mu a kan dashen, magana ta mutu. Ko kuma mu zauna, amma a tara liman da dattawa, duk hannun da ya zuba ƙasa a ramin nan a biya shi ladan aikinsa, ya karɓa, ya faɗa da bakinsa cewa aiki ya yi wa mai ƙasa. Kuma ko yaro ɗaya ya ƙi, an fasa, don wannan ɗayan ne zai dawo da gemu ya ce ubana ya dasa. Ubanku bai tsaya nan ba, ya zaga Tahaggart da sauran unguwanni yana neman wani gida. Ɗaki ana samu. Amma da ya ambaci yara ashirin sai a ce masa a sauka lafiya. Ya dawo ƙafafunsa sun yi futu-futu, ya zauna a bakin ƙofa ya cire takalmi.

"Ni ko a shago zan iya kwana," ya ce. "Ajinki ne ba shi da wurin zuwa. Ke za ki yanke."

Ban yanke ni kaɗai ba, ko da yake na san inda zan faɗa. Da safe bayan an rera dokoki na zaunar da yara na gaya musu komai, ban rage ba. Sai Sani ya ɗaga hannu, da idanunsa na rashin kunya.

"Madam, kin tambayi mai shi?"

"Ban tambaya ba."

"To ke ce za ki share tsakar gida."

Aka yi dariya, ni ma na yi, don ta fi kuka sauƙi. Na ce to ga doka ta kama Madam, yanzu sai gyara. Wanda ya yarda a karɓi lada a ci gaba da karatu ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, wasu da sauri don sun ji an ce dabino za a raba, wasu suna waige-waige. Hannu ɗaya ne bai tashi ba. Na ce Rakiya, doka ta ce abin da hannuwa suka fi yawa a kansa ya zauna. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ban koya mata ba.

"Ke kika ce 'yanci shi ne ka dasa abin ya zama naka. Yanzu kin ce mu ce aiki muka yi wa wani. To mene ne bambancinmu da kakanki?"

Na yi shekaru ina amsa tambayoyin yara, amma wannan har yau ban samu amsar da za ta gamsar da ita ba. Na ce mata kakana a ƙasarsa aka yi masa, mu kuwa a ƙasar mutane muke. Ta ce to me ya sa na ce namu ne. Na lallashe ta a ɗaki, na yi mata alkawarin sabon zane, na yi faɗa, ubanku ya sa baki, har maƙwabciyarmu Iya Dije ta zo ta ce a bar ta da ita, ta fito tana girgiza kai tana cewa wannan 'ya zuciyar kuturu gare ta. Rakiya ta ci gaba da ba itacen ruwa safe da yamma, har da rabon ruwan wankanta.

Ranar Juma'a bayan la'asar suka zo: Alhaji Agali da jakar fata cike da dabino, limamin unguwa, da dattawa biyu, ɗaya nasu ɗaya namu. Aka shimfiɗa tabarmi. Yara suka yi layi kamar ranar biki, sai dai ba tuta, na riga na naɗe ta na sa a ƙasan akwati. Kowane yaro ya zo ya tara hannu, tsohon ya zuba masa, ya ce na karɓi ladana, itace na mai ƙasa ne. Waɗanda harshensu bai nuna ba aka yi ta maimaita musu ana dariya. Ni ma na tara nawa na faɗa. Layi ya ƙare, saura Rakiya, tana tsaye jikin bango ta dunƙule hannuwa a bayanta. Liman ya kira ta da daɗin baki, ba ta motsa ba. Alhaji kuwa hannunsa na cikin jaka yana jira, irin jiran mutanen da suka saba da tafiyar raƙumi. Ubanku ya sunkuyar da kai. Na dubi yaran nan bakinsu cike da dabino, na tuna inda na tsinto kowannensu. Na san in rana ta faɗi hannun nan a rufe, ranar Asabar suna kasuwa suna dakon kaya.

Na tashi na je na durƙusa a gabanta. Na jawo hannun damanta, ta ƙanƙame. Na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, don ba ta sakar mini ko ɗaya ba. Farcenta ya yi shaida a tafin. Na riƙe hannun a buɗe tsohon ya zuba. Aka jira ta faɗi maganar, ta datse baki. Liman ya ce yarinyar da ba ta balaga ba uwarta na iya faɗa mata. Na faɗa. Ina sakin hannun ta watsa dabinon a bango.

"Kin sayar da shi," ta ce. "A kan wannan."

Ta shige ɗaki. Na ɗauka tsohon zai ce an fasa, amma sai ya ɗaure bakin jakarsa ya ce shaidu sun ji, ya isa. Aka yi fatiha. A bakin ƙofa ya tsaya yana neman takalminsa, ya ce da ni a hankali, yarinyar nan da a ƙasarta take, ba mai cin gonar ubanta. Ban sani ba ko yabo ne ko jaje.

Abin da na saya da wannan la'asar ɗin ga shi, ku auna da kanku. Ajin ya ci gaba shekaru da yawa a tsakar gidan nan, har ƙannen waɗancan yaran da ƙannen ƙannensu. Sani mai baki yau shi ke rubuta wa 'yan kasuwa takardun dowan, wato kwastan. 'Yan matan da suka zauna a tabarmata suna karanta takardar likita da kansu, ba mai ba 'ya'yansu magani a kan kuskure. Ba ɗaya daga cikinsu da aka taɓa kamawa a kan jifa ko ɗauke-ɗauke. Dabinon ya girma a kan ruwan da muke saye, muna ba shi muna sane da ba namu ba ne. Da ya fara 'ya'ya, Alhaji ya sa aka sauke nonon farko ya ce sadaka ce ga 'yan aji. Kowa ya ci ban da Rakiya, da ta zo hutu daga Damagaram ta ƙi ko taɓawa. Da tsohon ya rasu 'ya'yansa suka sayar da gidan, suka ba mu lokaci muka tashi, ba wanda ya wulaƙanta mu. Yanzu in na shiga taksi za ni asibiti nakan hango kansa ya zarce katanga, na kan duba, wani lokaci kuma in kau da kai.

Abin da na biya kuma ke kin fi kowa sani, Rakiya. Kin daina ce mini Inna. A aji Madam, a madafa Madam, kina zazzaɓi ina shafa miki kai kina ce mini Madam. Kin daina ba da amon dokoki, na ba Sani, ya yi ta ɓata su. Da shekara ta zagayo kika ce a kai ki Damagaram wurin kawunki ki shiga lekkol na gaske, ubanku ya ce ai dabara ce mai kyau, ni ma na ce haka ne, na haɗa miki kaya. Can kika girma, can kika yi aure, can kike zaune a gidan babana. Innar ta dawo bakinki daga baya, amma na san wadda ta tafi, ba ita ce ta dawo ba. Ina jin zafin abin har gobe. Kuma da za a mayar da ni gaban bangon nan, da yaran nan a bayana, hannun nan zan sake buɗewa. Na gaji da yin kamar ban san haka ba.

Saura abu ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba, don da na faɗa a lokacin da kin sa gatari. Bayan baƙi sun watse na ɗauki tsintsiya, tunda Sani ya yanke mini hukunci. A gindin bango na tsince dabinon da kika watsar. Ba a zubar da abinci, na wanke na ci, ko da yake bai wuce mini da daɗi ba. Ƙwallayen na ƙulle a bakin zane. Da na je gida ta'aziyyar innata, damina ta sauka, na tona bayan rijiyar gidanmu na binne su, a ƙasar da babana ya gada wurin babansa, inda ba wanda zan tambaya. Ɗaya ya fito. Da ya girma sai ya zama namiji, bai taɓa ba kowa ko ƙwaya ba, inuwar ma ba ta kirki ba. Kawunki ya so ya sare shi na hana.

Shi ne wanda kike ɗaura igiyar shanya a jikinsa. An ce a gindinsa kike zama da yamma kina ba 'ya'yanki labarin yadda na sayar da itacen ƙasarmu. Ki ci gaba da ba su, ban hana ki ba. Amma ladanki ne, hannunki ya fito, a ƙasarki yake tsaye. In watan takwas ya kama, ki sa yaran su ba shi ruwa.